Kawu Saje da Ƙwallon Sojojin Koriya

Ranar Talata da hantsi aka ɗauki Kawu daga gidansa na Gyaɗi-Gyaɗi aka kai shi maƙabartar Tarauni. Na Allah muke, wurinSa kuma za mu koma. Na sha jin wannan kalma a ranar har ta daina shiga kunnena, ina zaune a tsakar gida cikin mata, ina amsa gaisuwa da baki kawai.

Ni 'yar ƙanwarsa ce. Mahaifina ya rasu ina 'yar firamare, Kawu ya je ƙauye ya ɗauko ni. A hannunsa da na matarsa, wadda muke kira Inna, na girma har aka kai ni ɗakin miji. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce Uwata.

Tun kafin a fito da gawa layinmu ya toshe. Adaidaita sahu ne jere tun daga bakin titi har ƙofar masallaci. Wata 'yar'uwarmu da ta zo daga Hotoro ta shigo tana haki, ta ce da ƙyar ta samu wurin sa ƙafa.

"Wai shugaban 'yan sahu ne ya rasu, ban sani ba?"

Aka ce mata a'a, kocinsu ne. Yawancin masu baburan nan yaran da ya koya wa ƙwallo ne, yau ga su da gemu da iyali. Akwai leburori, akwai makanikai da baƙin mai a farce, akwai wani malamin makaranta ɗan kudancin Kaduna da ya baro aji ya zo. Wani magini mai furfura a gefen kai ya tsaya a bakin zaure ya yi sallama, ya ce yana so ya yi wa mata gaisuwa. Ya fara da "Inna, ya haƙuri," sai muryarsa ta karye. Ya juya ya fita bai ƙarasa ba.

Maigidana ya faɗa mini cewa da aka tsaya sallar jana'iza, wani tsoho ya koma gefe shi kaɗai, ya cire hularsa ya ɗora a ƙirji, ya tsaya ƙyam har aka sallame. Ba sai an faɗa mini ko wane ne ba. Baba Kofur ne, Kirista ɗan Filato, abokin Kawu tun suna bariki. Ya bi gawa da sandarsa har bakin kabari, aka ce ya zauna ya ƙi.

Amma maganar da ta tsaya mini a rai ta wata tsohuwar maƙwabciyarmu ce. Tana jan carbi ta ce, "Allah sarki Saje. Ai shi ya daɗe da mutuwa, yau dai aka samu damar binne shi." Mata suka yi mata caa, aka ce ta yi istigfari. Ni kuwa na san abin da take nufi.

Yaran da suka taso a layinmu cikin shekarun nan ba su san kowa ba sai wani tsoho mai ɗingishi da ke zama a benci da waya a hannu, ba ya magana, ba ya dariya. Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Akwai wani Kawu kafin wannan tsohon, kuma ina tsoron a manta da shi.

Yana saurayi ya shiga soja. Dogo ne, mai faffaɗan tafin hannu, in ya riƙe kofin shayi sai kofin ya ɓace. Hannun nan ne ya sa aka ba shi tsaron raga a ƙungiyar barikinsu, suka yi ta yawon gasa daga wannan bariki zuwa wancan. Yakan ce, "Uwata, waɗannan shekarun su ne rayuwa, sauran duk rakiya ce." Daga baya aka kwashe su, 'yan ƙwallo da waɗanda ba 'yan ƙwallo ba, aka tura su kwantar da tarzoma a wata ƙasa ta yammacin Afirka. Ya dawo da ƙarfe a gwiwar dama. Bai sake tsayawa a raga ba. Ya yi ritaya yana saje, ya gina ɗan gidan da muka tashi a ciki.

Barikin dai bai fita daga jikinsa ba. Kaftaninsa shi yake gogewa da kansa da dutsen guga na gawayi, har sai karin hannun ya tsaya kamar wuƙa. Ba ya shan shayi da sukari. In ya ce bayan la'asar, to bayan la'asar ɗin yake nufi, ba dab da magariba ba. Akwai usur ɗin ƙarfe da ke rataye a wuyansa a ƙarƙashin riga, har masallaci da shi yake zuwa.

Filin da yake horar da samari yana bayan wata firamare a Tarauni, fili ne mai tsakuwa da ƙaya, turakun ragarsa tsofaffin bututun ruwa. Duk wanda ya zo yana karɓa: 'ya'yan direbobin da suka baro ƙauye, 'ya'yan ma'aikata daga Unguwa Uku, 'ya'yan malaman coci. Ba a atisaye ranar Juma'a, ba a yi Lahadi da safe. Dokokinsa kaɗan ne amma ba sassauci. Wanda ya zagi uwar wani, shi zai ɗauki turakun raga a kafaɗa ya kai su ma'ajiya. Wanda ya faɗi ya tsaya birgima, sai ka ji Kawu daga nesa: "Tashi! Ƙasa ba ta ba da fanareti." In gola ya sha ƙwallo ya fara zargin 'yan baya, sai ya ce, "Ragar taka ce ko tasu?"

Maginin nan da ya kasa ƙarasa gaisuwa, na san dalilin kukansa. Yana matashi mahaifinsa lebura ne, ya hana shi zuwa wasan ƙarshe na wata gasar unguwanni, ya ce akwai bulo da za su kwashe a wani gini a Ƙauyen Alu. Kawu bai yi gardama da uban ba. Ya cire kaftaninsa ya ninke, ya ce, "Malam, hannu kake nema, ga hannu. Ka ba ni aron ƙafar ɗanka zuwa la'asar." Ya wuni yana ɗaukar bulo da gwiwar nan tasa, yaron ya je ya huta ya buga wasa. Kwana da kwanaki Inna tana gasa masa ƙafar da ruwan zafi tana faɗa, shi kuwa sai dariya. An ma cinye su a wasan.

Labarin Koriya ya shigo gidanmu ne ta ƙofar wani kamfanin robobi da ke Sharaɗa, inda Kawu ya samu aikin gadi don fansho ba ya kai wata. Aka kawo wani injiniya ɗan Koriya ta Kudu ya haɗa musu sababbin injuna. Ran farko da Kawu ya buɗe masa ƙofa, sai ya sara masa don raha. Mutumin ya tsaya, ya haɗa ƙafa, ya mayar da sarawar daidai yadda ake yi. Kawu ya ce a ransa, wannan ya ci tuwon bariki. Ashe a ƙasarsu kowane namiji mai lafiya sai ya yi aikin soja na wani lokaci. Da guntun Turancin Kawu da guntun Turancin baƙon suka ƙulla abota. Kawu yana kai masa gurasa da tsire, shi kuma yana ci yana gumi yana neman ƙarin yaji.

Wata rana Kawu ya dawo gida da yamma ko takalmi bai tsaya cirewa ba.

"Kun san akwai ƙasar da sojoji ke da ƙungiyar ƙwallo a babbar gasar ƙasa? Ba wasan bariki ba, babbar gasa! In lokacin aikin sojan ɗan wasa ya yi, ba a raba shi da ƙwallo. A yi masa aski, a ba shi kaki, a koya masa fareti, sannan a ce je ka buga. Aikin nasa ke nan. In ya gama ya koma ƙungiyarsa da ƙafarsa lafiya lau."

Inna tana tankaɗe ta ce, "To, Allah ya ba su sa'a. Ka cire takalmin, yanzu na share wurin."

Bai ma ji ta ba. Ya zauna a kan turmi yana shafa gwiwarsa, ya ce, "Da a can aka haife ni."

Injiniyan ya gama aikinsa ya tafi, amma ya bar wa Kawu abin da ya riƙe shi har ƙarshen ransa. Da manyan wayoyi suka yawaita, ɗan Kawu, wanda nake kira Yaya, ya gano masa inda ake nuna wasannin ƙungiyar. Yammacinsu shi ne safiyarmu, don haka ranar wasa, in Kawu ya dawo daga masallaci ya karya, sai ya fito da benci ƙofar gida, ya sa tabarau, ya kafa wa waya ido. Ba ya jin ko kalma ɗaya ta mai sharhi. Sunayen 'yan wasan sun fi ƙarfin harshensa, ga shi duk askinsu iri ɗaya, sai ya raɗa musu nasa: Dogo, Bahago, Ɗan Autan Kanar. In suka ci ƙwallo suka jeru suka sara wa 'yan kallo, shi ma sai ya miƙe da ƙyar ya sara, a tsakiyar layi, masu tallan koko suna kallonsa.

A majalisar mai shayi kowa da ƙungiyarsa ta Ingila ko ta Sifen, Kawu kaɗai ke goyon bayan sojojin wata ƙasa da ba wanda ya san inda take. Suka sa masa Ɗan Koriya. Bai damu ba. Yakan yi musu bayani cewa ƙungiyar ba ta sayen ɗan wasa daga waje, kuma ana tsakiyar kakar wasa gwanayenta za su gama aikin soja su tafi, a kawo sababbi a sake farawa. Su faɗa ƙaramar gasa, su sake haurowa. "Ku naku kuɗi ne ke bugawa," in ji shi. "Nawa horo ne."

Har ni bai ƙyale ba. Ran nan ina wanke-wanke ya ƙwala mini kira. "Uwata, zo ki ga ikon Allah. Mata ne, kuma sojoji, kuma ƙwallo suke bugawa!" Na leƙa na ce ni dai ko da kuɗi ba zan yi wannan gudun ba. Ya ce ai shi ya sa ƙasarmu ba ta ci gaba.

Yaya shi ne ɗa namiji tilo a gidan. Ɗan kawu da 'yar gwaggo abokan wasa ne, don haka tsakanina da shi ba a rasa tsokana. Ɗan wasan gaba ne, bahago, siriri kamar a hure shi ya faɗi, amma in ya ɗauki ƙwallo sai fili ya yi tsit. Duk Tarauni an san shi. Ya gama difloma ba aiki. Ya je gwaji ƙungiyoyi, a yaba masa, a ce ya dawo, ya koma a ce ba gurbi. Wata ƙaramar ƙungiya ta ɗauke shi, ya yi kaka guda yana buga musu a kan alkawari. Da ya gaji sai ya karɓi adaidaita sahu haya ya fara jigila tsakanin Gyaɗi-Gyaɗi da Unguwa Uku.

Wannan abu ya ci Kawu. In Yaya ya wuce ta layin da fasinja, sai Kawu ya sunkuyar da kai kamar yana neman wani abu a ƙasa. Ba raina sana'ar yake ba, rabin yaransa ita suke yi. Ƙafar yake jin ciwonta.

Sai aka fara ɗaukar sababbin sojoji. Kawu ya shirya ya je wurin wani tsohon abokin aikinsa da ya zama hafsa a ɓangaren wasanni, ya nema wa Yaya gurbi a ƙungiyar ƙwallon soja. Mutumin ya karɓe shi da mutunci, ya ce masa, "In yaron ya shigo, za mu duba." Iyakar abin da ya ce ke nan. Kawu ya dawo gida da shi a matsayin alkawari.

Ina kai musu ruwa zaure ranar da suka yi faɗa da Baba Kofur. Ban taɓa jin sun ɗaga wa juna murya ba sai ranar.

"Saje, nan ba Koriya ba ce," in ji Baba Kofur. "Su can zaman ko-ta-kwana suke yi. Mu nan yaƙi ake yi, yau ɗin nan da muke magana."

"Ai akwai ƙungiyoyin wasa a soja. Ni ina na buga?"

"Ka buga. Daga nan kuma ina aka kai ka? Taɓa gwiwarka ka faɗa mini."

"Yaron nan zai ƙare a kan babur, Kofur. Ƙafar da Allah ya ba shi za ta ruɓe a kan birki."

"Gara ta ruɓe yana shigowa gida kullum uwarsa tana ganinsa."

Sai Kawu ya faɗi maganar da na san ya yi ta cizon yatsa a kanta daga baya. Ya ce, "Wannan tsoron ne ya hana ka wuce kofur."

Baba Kofur ya dube shi, ya ɗauki hularsa, ya ce mini, "'Yata, na gode da ruwa," ya fita. Daga ranar ya ɗauke ƙafa daga gidan.

Inna ba ta yi hayaniya ba. Ta ce, "Malam, gwiwa ɗaya da muka bayar ba ta isa ba?" Da ta ga ya kafe sai ta ce, "Ban yarda ba. Amma ba zan yi wa ɗana baki ba. Allah ya tsare."

Na tambayi Yaya a keɓe ko shi yana so. Ya ɗaga kafaɗa. Ya ce, "Na gaji da ganin tsohon nan yana sunkuyar da kai in na wuce." Sai kuma ya murmusa ya ce, "Ke dai kin yi asara. In na zama janar ko a gaisuwa ba zan san ki ba."

Aka tafi da su horo Zariya. Ranar yaye su Kawu ya je da kaftani mai kari, ya dawo bakinsa har kunne, yana ba kowa labarin yadda Yaya ya ci ƙwallo a wasan kurata, har wani babban hafsa ya tambayi ɗan wane ne. Muka yi ta murna. Ko Inna sai da ta saki fuska.

Da aka rarraba su, sai aka tura Yaya arewa maso gabas tare da sauran 'yan ajinsa. Kawu ya koma neman hafsan nan, ya tarar ya yi ritaya ya koma garinsu. Waɗanda ya samu a ofishin suka yi masa magana mai daɗi, suka ce yanzu ana bukatar mutane a can, in yaron ya gama zagayensa sai a duba. Ba wanda ya yaudare shi. Shi ma da bakinsa ya faɗa daga baya: "Ba wanda ya yi mini ƙarya. Ni na yi wa kaina."

Yaya yana kira in ya samu sabis. Da Inna sai ya ce lafiya lau, abinci ma har ya yi yawa. Da Kawu kuwa sai ya tambayi yadda 'yan Koriya suka ƙare, don ya san abin da zai faranta wa tsohon ke nan. Sau ɗaya ya zo hutu. Ya rame, ya yi baƙi, ba ya zama ya ba ƙofa baya. Samarin unguwa suka ja shi fili, ya buga, ya ci ƙwallo, amma bai yi murna ba, ya juyo yana tafiya kamar wanda ya ajiye kaya. Da na tsokane shi na ce ina janar ɗin, sai ya ce, "Bar ni, 'yar gwaggo. Ƙafar ma ta fara mantawa." Ya koma bayan 'yan kwanaki.

Da damina ne, da safe, an kwana ana ruwa. Lokacin ina gidan saboda haihuwar fari. Kawu yana kan bencinsa da waya sai ga mai unguwa tare da mutum biyu cikin kaki. Ina tsaye a zaure da jaririya a kafaɗa, na ga Kawu ya ajiye wayar, ya dafa bango ya miƙe, ya gyara tsayuwa. Tsohon soja ne, ya san abin da ke kawo irin wannan tawaga ƙofar mutum. Suka faɗa masa an yi wa su Yaya kwanton ɓauna a hanya, kuma an riga an binne shi a can tare da abokansa. Kawu ya yi salati. Tambaya ɗaya ya yi.

"An yi masa sallah?"

"An yi masa, Baba."

Ya gode musu, ya raka su har bakin kwata. Sannan ya shigo. Inna tana tsintar shinkafa a faranti. Ta ɗaga kai ta dubi fuskarsa, ta ce, "Kada ka faɗa." Ya buɗe baki, ta sake cewa, "Na ce kada ka faɗa." Ta ajiye farantin a hankali, ko ƙwaya ba ta zube ba. Sai ta ce, "Je ka faɗa wa 'yan Koriyarka." Ta shige ɗaki ta rufe ƙofa.

Daga ranar hira ta mutu a gidan. Inna ba ta yi yaji ba, ba ta daina yi masa komai ba. Tana dafa masa abinci, tana wanke masa kaya, tana gasa masa gwiwa in sanyi ya shigo. Amma maganarta da shi ba ta wuce ga abinci, ga ruwa, an zo nemanka. Haka suka zauna shekara da shekaru, a gida ɗaya, mu 'ya'ya muna shiga muna fita muna jin nauyin shirun kamar dutse.

Ranar sadakar uku Baba Kofur ya zo. Ya ratsa mutane ya zauna a tabarma kusa da Kawu. Can Kawu ya ce, "Kofur, ai ka faɗa mini."

"Ba wannan ya kawo ni ba, Saje."

"Ka faɗa, na zage ka."

"Matsa mini in miƙe ƙafa," in ji Baba Kofur. Daga nan kullum da yamma sai ya zo, su zauna a benci ɗaya har a kira magariba, Kawu ya tafi masallaci, shi kuma ya kama hanyar gida.

Kawu ya daina zuwa atisaye, samarin fili suka yi ta zuwa roƙo. Bayan arba'in ya yarda ya bi su sau ɗaya. Suka jeru suna jira, ya ɗaga usur ya kai baki, ya tsaya haka. Ya sauke, ya cire igiyar daga wuyansa, ya miƙa wa babbansu, ya juyo gida. Yaran sun ɗan ci gaba da kansu, amma ba a jima ba aka fara faɗa da zage-zage, iyaye suka janye 'ya'yansu. Daga baya aka katange filin aka yi gini a kai. Yau in ka wuce ba za ka ce an taɓa buga ƙwallo a wurin ba.

Abin da ya ɗaure wa kowa kai shi ne bai daina kallon wasan Koriya ba. Ya dai kashe sautin, kuma bai sake miƙewa ya sara ba. Mutane suka yi ta magana, wasu suka ce taurin zuciya ne, wasu suka ce ƙwaƙwalwar ce ta taɓu. Ni ma abin ya yi mini ciwo. Wata safiya na zo gaishe su, na tarar da shi a kan benci, na kasa haƙuri.

"Kawu, me kake nema a cikin abin nan har yanzu?"

Bai ji haushi ba. Ya matsa mini na zauna, ya karkato wayar. Ba wasa ake yi ba, an riga an tashi. Wasu 'yan wasa ne suka jeru a tsakiyar fili, ana miƙa musu furanni, suna sarawa. A cikin 'yan kallo ga tsofaffin mata suna share hawaye, ga wata da goyo tana ɗaga hannu.

"Waɗannan sun gama aikin sojansu," in ji shi. "Yau za a sallame su. Kin ga Bahago? Ga uwarsa can." Ya goge tabaransa da bakin riga. "Ni yanzu ban damu da wa ya ci wa ba, Uwata. Wannan nake jira. Duk wanda aka kawo, sai na ga ranar da ya koma gida."

Ban sake tambayarsa ba.

Hawan jini ne ya fara kama shi, sannan wata rana ya faɗi a bakin rijiya, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Aka yi jinya a asibiti aka dawo da shi gida. Inna ce ta riƙe shi. Ita ke juya shi, ita ke yi masa alwala, ita ke ba shi abinci a baki. Ba ta yarda ko ɗaya daga cikinmu ya karɓe ta ba.

Kwanaki kaɗan kafin rasuwarsa ina ɗakin, ina ninke kaya. Harshensa ya yi nauyi, sai an kasa kunne ake gane shi. Inna ta zo da magani a cokali. Ya kama bakin zanenta da hannunsa mai lafiya, hannun nan da ya rage ƙashi da jijiya, ya ce, "Ki yafe mini yaron."

Inna ta tsaya da cokalin a hannu. Ta daɗe tana kallon bango. Sannan ta ce, "Buɗe bakin, Malam, maganin zai zube."

Ya buɗe, ya sha, ya saki zanen. Bai sake tayar da maganar ba. Ranar Talata da sassafe ya cika, tana riƙe da kansa, tana maimaita masa kalmar shahada.

Bayan sadakar bakwai baƙi suka watse, gidan ya koma shirunsa. Ina naɗe tabarmi a tsakar gida sai Inna ta kira ni ɗaki. Tana zaune a ƙasa cikin kayan takaba, ta jingina da gadon da ya yi jinya a kai.

Ta ce, "Kina nan ran da ya tambaye ni."

Na ce ina nan.

"Na yafe masa tun shekarar farko. Wallahi na yafe. Ai ba ƙin yaron yake ba, so ne ya yi masa yawa. Kullum in na tashi sai in ce yau zan faɗa masa. In na buɗe baki sai fuskar yaron ta tsaya mini a gaba, in ji kamar in na faɗa na sallama shi ke nan. Ran nan kuma na ce bari ya ɗan ji sauƙi, ya zauna sosai, in faɗa masa yadda ya kamata, ba da cokali a hannu ba." Ta kama hannuna ta matse. "Ke da kika yi karatu, in na faɗa yanzu, zai ji?"

Ban iya yi mata ƙarya ba. Na ce, "Inna, Allah dai yana ji."

Ta saki hannuna. Ta juya ta dafa katifar da babu kowa a kai, ta gyara mayafinta kamar mai shirin gaida baƙo, ta ce a hankali, "Malam, na yafe." Ta kasa kunne tana saurare. Ta daɗe a haka, ni ma ina zaune ban motsa ba, har aka kira azahar.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo maKa da abin da ya ɗauka. Ka sauke masa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sada shi da ɗansa a inda ba a sake rabuwa. Ka isar masa da maganar Inna, Ka ba ta ikon ɗaukar sauran kwanakinta. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.